Kifin Bazara da Dattawan Ƙananan Jirage a Japan

Yau shirin namu zai yi nisa da gida ƙwarai. Za mu bar tudu mu shiga teku, kuma ba tekun Legas ba, can ƙasar Japan za mu. Na san wani zai ce, to mu da ko rafi sai da damina muke gani, ina ruwanmu da masuntan Japan? Ku dai ba ni aron kunnuwanku. Labarin wani kifi ne mai tafiyar ci-rani, da wasu dattawa masu ƙananan jirage da ke jiran isowarsa duk shekara. A cikin labarin akwai tambayar da ta hana ni sakat tun da na fara bibiyarsa: idan arziki mai tafiya ne, sai ya ratsa ƙofar mutane da yawa kafin ya iso taka, wa ke yanke abin da za a rage maka?

Kifin nan, Japanawa na ce masa katsuwo, Turawa kuma su ce bonito, ko da yake masana sun ajiye shi a dangin tuna. Kuma da yawanku kun taɓa cin sa ba ku sani ba. Wannan tuna ta gwangwani da ake sayarwa a manyan kantuna, mafi yawanta shi ne. 'Yan uwanmu na Ghana ma sun fi mu sanin sa, don a tashar Tema ana sauke shi, a nan kuma ake zuba shi a gwangwani a fitar waje. Jikinsa kamar harsashi, bayansa shuɗi mai duhu, cikinsa fari da zane-zane a tsaye daga kai zuwa wutsiya. Ba shi da wannan jakar iska da ke riƙe yawancin kifaye a cikin ruwa, kuma sai yana tafiya ruwa ke ratsa bakinsa ya yi numfashi. Wato tun daga ranar da ya zama kifi har ranar da zai mutu, bai san tsayawa ba. Ko barci a guje yake yi.

A ruwan ɗumi na tsakiyar tekun Pasifik ake ƙyanƙyashe shi. Wani kaso na ƙanana sai su kama hanyar arewa neman abinci. Abin da ke taimaka musu wani kogi ne a cikin teku. E, kogi a cikin teku, haka na ce. Ruwan ɗumi ne da ke tasowa daga gabashin Filifin, ya wuce Taiwan, ya bi gefen kudancin Japan a guje. Sunansa Kuroshiyo, ma'ana baƙin ruwa, saboda tsabar shuɗinsa har ya yi duhu. Kifin na bin wannan ruwa, ya bayyana a kudancin ƙasar wajen Fabrairu da Maris, ya iso gaɓar Kochi da Wakayama daga Maris zuwa Mayu, ya haura har arewa maso gabas a tsakiyar shekara. Idan sanyi ya fara shigowa sai ya juyo kudu, ya yi ƙiba, kitse ya kama shi. Na farkon, wanda ya zo a watannin da mu muke kira bazara, shi ba shi da kitse, tsoka ce ja zalla. Su a can lokacin ne sanyi ke tafiya itatuwa na tohuwa, mu kuwa lokacin ne muke neman inuwa ido rufe.

Wannan na farkon shi ne ake rububi a kansa tun zamanin da. A lokacin da birnin Tokyo ke amsa sunan Edo, cin kifin farko abin alfahari ne, kamar yadda wani zai ce shi ya fara cin sabuwar doya a unguwa, amma nasu ya wuce hankali. An rubuta cewa a 1812 wani shahararren ɗan wasan daɓe mai suna Nakamura Utaemon ya sayi kifi guda ɗaya tak a kan tsabar zinariya uku, kuɗin da ya kusa albashin shekara na ƙaramin bara. Kun ga ashe ƙaryar arziki ba a zamanin Instagram aka fara ta ba.

To, bari mu sauka a wuri ɗaya. Jihar Wakayama, can ƙurewar kudancin babban tsibirin ƙasar, akwai wasu ƙananan garuruwa biyu a bakin teku, Susami da Kushimoto. Mutanen Susami gaba ɗaya ba su kai dubu huɗu ba. A nan ne ƙasa ta yi tsini ta shiga cikin teku, saboda haka baƙin ruwan nan ya fi kusantar gaɓa. Mai ƙaramin jirgi zai iya fita da asuba, ya tarar da kifi, ya dawo gida a ranar. Salon sun da suke yi ana ce masa kenken.

Ku ƙaddara jirgi ne ƙarami mai inji, mutum ɗaya a ciki, idan ya yi yawa biyu. An kafa dogayen sanduna biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, sun buɗe kamar fikafikan shamuwa. A jikin kowace sanda an ɗaura igiyoyin fatsa, wasu kuma daga bayan jirgin, kowace da tsawonta don kada su sarƙe. Ba a sa tana ko ɗan kifi a ƙugiyar. Ado ake yi mata, a da da gashin tsuntsu, yanzu da roba mai ƙyalli mai kama da wani ɗan halittar teku. Sai a yi ta jan su a guje, jirgi ba ya tsayawa. A gaban wasu ƙugiyoyin akwai ɗan katako mai fikafikai, su da kansu jirgin sama suke ce masa, yana tafe yana tsalle yana fallatsa ruwa kamar garken ƙananan kifaye na gudun tsira. Katsuwo ya hango, ya zaci walima ce, ya taso. A gaban wasu kuma katakon nutso ne, yana jan ƙugiya ƙasa yana kaɗa ta. Da zarar kifi ya kama, katakon sai ya kife ya taso sama. Masunci ya gani, ya san an yi baƙo, ya janyo igiya da hannu.

Yaya yake sanin inda kifin yake a cikin wannan ruwa marar iyaka? Yana duba zafin ruwa, don kifin na son wajen digiri ashirin da 'yan kai. Yana duba layin da baƙin ruwa ya haɗu da ruwan gaɓa, inda launi ke sauyawa. Yana duba gungume ko tarkace da ke yawo, don kifi na son fakewa a ƙarƙashinsu. Amma babban malaminsa tsuntsu ne. In ya hango tsuntsaye sun yi cincirindo suna faɗawa ruwa, to katsuwo ne ya koro ƙananan kifaye sama. Akwai na'urori yanzu, ba a musu, amma mutum ɗaya ne ke riƙe da sitiyari, shi ke kallon sama, shi ke kallon katako, shi ke jan igiya, jirgi na rawa da shi a kan igiyar ruwa. Da yawansu kuma furfura ta gama cika kansu.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ke biyo bayan kamu. Kifi na faɗowa cikin jirgi, nan take ake kashe shi, a zubar da jininsa, a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara. Ɗaya bayan ɗaya, ba a bari ya yi ta birgima yana dukan jikinsa, don katsuwo kifi ne mai saurin lalacewa. Da rana jirage sun dawo, an yi gwanjo a tasha. Wanda ya iso cikin 'yan sa'o'i, tun jikinsa bai sandare ba, namansa na da danƙo kamar tuwon shinkafa da aka kirɓa, kuma ɗanyensa suke ci. Irin wannan ba ya kai wa Tokyo a haka, sai dai kai ka yi tattaki ka je garin. Masuntan Susami sun yi wa kifinsu rajista da sunan garinsu da sunan salonsu, yadda wani ba zai ɗebo na babban jirgi ya laƙaba masa sunan ba. Sun san ba za su iya gasar yawa da kowa ba, sai suka tsaya a kan kyau.

Kun san daga ina salon ya zo? Daga 'yan ci-rani. Mutanen wannan yanki sun yi ta tafiya tsibirin Hawai neman kuɗi tun ƙarshen ƙarni na 19, da yawansu su suke yi a can. A farkon ƙarni na 20 masu dawowa suka zo da wannan dabara, aka gyara ta ta dace da ruwan gida, daga nan ta bazu zuwa wasu gaɓoɓin ƙasar. Kuɗin da suka aiko an cinye tuntuni, amma dabarar ta haura shekara ɗari tana ciyar da jikoki. 'Yan uwa da ke saurare daga Saudiyya ko Turkiyya ko Malesiya, wannan gefen naku ne, ba zan ƙara komai a kai ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Masuntan gaɓar Japan sun daɗe suna kukan cewa kifin da ke isowa ba kamar da ba ne. Wata shekarar a samu, wata shekarar a ƙona mai a dawo da 'yan ƙwarori, kuma 2014 na cikin shekarun da ba sa son tunawa. In ka tambaye su dalili, sai su nuna maka kudu, nisan dubban kilomita, inda kifin ya taso. A can manyan jirage ke aiki da wani irin taru da tsawonsa ke kusan kilomita biyu. Ana zagaye garke guda da shi, a tsuke gindinsa kamar bakin zabira, a kwashe gaba ɗaya. Don ma kada a sha wahalar nema, sai a saki dubban tarkacen da aka ƙera da gangan, kowanne da na'urar da ke magana da tauraron ɗan'adam, su yi ta yawo a teku kifi na taruwa a ƙarƙashinsu. Kyaftin na zaune yana kallon allo, ya san wanne ne ya tara. A shekarun 1970, duk katsuwon da ake kamawa a yammaci da tsakiyar Pasifik bai kai tan rabin miliyan a shekara ba. A 2019 ya kai kusan tan miliyan 2.

To ai magana ta ƙare, an gano ɓarawo, ko? A'a, da sauran rina a kaba.

Akwai hukumar ƙasa da ƙasa da ke kula da irin waɗannan kifaye a wannan yanki na teku, ta fara aiki a 2004, hedikwatarta na tsibirin Pohnpei a ƙasar Maikronesiya. Masanan da ke yi mata lissafi sun sha nanata cewa katsuwo lafiyarsa ƙalau, ba a kama shi fiye da ƙima ba. Kuma ba ƙarya suke yi ba, kifi ne mai saurin girma da yawan haihuwa. Bangaren Japan kuma suka ce, mun ji, amma idan garke ya ragu, ta gefe yake fara tsukewa. Tsakiya na nan a cike, mu da ke bakin iyakar tafiyarsa mu ne za mu fara ganin fayau. Ku duba tafki da rani. Wanda ke tsakiya zai rantse ruwa na nan, wanda gonarsa ke baki kuwa tuni ya ga taɓo ya tsage. Duk wanda ya taso a ƙasan kogin Haɗeja bayan an gina madatsar Tiga ba sai an yi masa dogon bayani ba. Har yau masana na ja-in-ja a kan ko wannan tsukewa ce ke faruwa, ko kuwa sauyin ruwan ne.

Don shi ma ruwan bai tsaya yadda aka san shi ba. Daga Agustan 2017 har zuwa Afrilun 2025, baƙin ruwan nan ya yi wata babbar kwana, ya kauce daga gaɓar Wakayama ya lula cikin teku. Ya saba yin haka jefi-jefi, amma tun da aka fara ajiye lissafi bai taɓa daɗewa kamar wannan karon ba. Ga mai ƙaramin jirgi, hanyar kifi ta sauya ke nan, ilimin da ya gada na inda ake samu a wane mako ya rikice, kuma kowace ƙarin tafiya mai ce. A jihar Kochi kuma, inda ake babbaka bayan kifin da wutar karan shinkafa a ci da gishiri da tafarnuwa, ma'aunin hukuma ya nuna zafin ruwan gaɓarsu a lokacin sanyi ya ƙaru da kusan digiri 2 cikin shekara arba'in. Har masunta suka fara ganin kifin bazara yana zuwa da kitse, abin da a da sai na kaka. Mai saye na murna, masunci na zulumi, don ya san jikin teku ne ke faɗin wani abu.

Sannan ga ɓangaren da ya fi sa ni yin shiru. Ruwan da manyan jiragen nan ke aiki a ciki, yawancinsa mallakin wasu ƙananan ƙasashen tsibirai ne, irin su Kiribati da Tuvalu da Nauru da Tsibiran Marshal da Papuwa Niyu Gini. Shekara da shekaru jiragen ƙasashe masu ƙarfi na kwasar kifinsu a kan kuɗin goro. Sai guda takwas daga cikinsu suka haɗa kai, suka ce daga yanzu kwana za mu riƙa sayarwa. Kana son jirginka ya yi su a ruwanmu, ka sayi kwana, kuma yawan kwanakin a ƙayyade yake. Tun 2015 mafi ƙarancin kuɗin kwana guda ga jirgin waje dala 8,000 ne. Abin da suke samu ya tashi daga kimanin dala miliyan 60 a shekara zuwa kusan miliyan 500. A Kiribati, fiye da rabin kuɗin shigar gwamnati daga nan yake fitowa, wato albashin malamai da maganin asibiti ke nan. To yanzu Japan, ƙasa mai arziki, wadda ita kanta tana da nata manyan jiragen taru a wannan ruwan, ta zo ta ce wa Kiribati ku rage, don dattijon Susami ya samu na bazara? In ni ɗan Kiribati ne, wallahi amsar da zan bayar ba za ta yi daɗin ji ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Ƙasashen tsibiran sun yi daidai, kuma abin da suka yi ya kamata a riƙa karantar da shi a jami'o'inmu. Inda nake da ja shi ne ma'aunin da ake kira lafiya da shi. In ma'auninka na cewa komai daidai ne muddin gwangwani bai yanke a kanti ba, to ka riga ka cire mai ƙaramin jirgi daga lissafi tun kafin a zauna. Babban jirgi in ya rasa a nan sai ya bi kifi can. Dattijon nan iyakarsa inda mansa zai kai shi ya dawo kafin dare. Kuma in za a rage wani abu, a fara daga jiragen ƙasashe masu arziki, har da na Japan ɗin kanta, kafin a taɓa tukunyar Kiribati.

Mutanen Kochi ba su tsaya kuka a tasha ba. A 2017 suka kafa wata majalisa ta jama'ar jiha a kan katsuwo kaɗai, da masunta da 'yan kasuwa da masu gidajen abinci da malaman jami'a da 'yan jarida. Suka fara tura wakilai zuwa taron shekara-shekara na hukumar nan, inda ake yanke hukunci da Turanci a kan takardu masu ɗaruruwan shafuka. Ba su da ƙuri'a, gwamnatoci ke da ita. Amma suna cikin ɗakin, suna jin abin da wakilin ƙasarsu ya faɗa da abin da ya haɗiye, su dawo gida su ba da labari. Mu da muke kiran kanmu 'yan gwagwarmaya, sau nawa muka san ranar da ake zaman da ya shafe mu, balle mu karanta takardar kafin a zauna? A ƙarshen 2022, a taron da aka yi a birnin Da Nang na Biyetnam, hukumar ta amince da wani tsari da ke nuna tun da wuri yadda za a rage kamu in garken ya sauka ƙasa da wani mizani. Shekara guda bayan haka kuma, ita dai wannan hukumar ta rage wa'adin hana amfani da tarkacen tara kifi a ruwan ƙasashen daga wata uku zuwa wata ɗaya da rabi. An ba ka da dama, an karɓe da hagu.

Akwai kuma abin da babu hukumar da za ta iya gyarawa da takarda. A 2003, masu sana'ar su a tekun Japan sun kai kusan 238,000. A 2023 sun koma wajen 121,000. Rabi ke nan cikin shekara ashirin, kuma kaso mai yawa na waɗanda suka rage sun haura sittin da biyar. 'Ya'yansu na Osaka da Tokyo suna aikin ofis, kuma ban ga laifinsu ba, wa zai so sana'ar da ba ka san abin da za ka samu gobe ba alhali kuɗin mai a tsaye yake? Jiragen da suka ɗan fi girma, masu kama katsuwo da sandar fatsa, da yawansu yanzu samarin Indonesiya ne ke riƙe da su. Shi kuwa jirgin kenken, na mutum ɗaya ne. Ba shi da gurbin ɗan koyo sai in mai shi ya ɗauko ɗansa ko jikansa. Ranar da gwiwarsa ta ƙi, sai a janyo jirgin tudu a lulluɓe shi da tamfol, duk abin da ya sani na karatun tsuntsu da launin ruwa ya bi shi gida ya zauna.

Maris na zuwa, waɗanda suka rage za su sake buɗe sandunansu su fita tun kafin gari ya waye. A nan zan dasa aya a yau.